Littafin Da Na Gama Da Wanda Ya Gama Da Ni

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata 'yar kunya ce da na sha a aji a zangon karatun da ya wuce, wadda har yanzu in na tuna da ita sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wata ranar Talata muna cikin darasin ƙagaggun labarai, sai malaminmu ya dakata, ya dube mu ya ce, "Wa da wa suka karanta Shaihu Umar tun daga farko har ƙarshe?" Nan da nan hannuwa suka tashi sama, har da nawa, hasali ma nawa ya fi na kowa tsawo. Sai ya nuna ni ya ce, "To madalla. Tashi ka gaya mana, me ya fitar da mahaifiyar Umar daga gida, kuma yaya ta ƙare?" Na miƙe tsaye na yi ta susar ƙeya. Na san sunan marubucin, na san shekarar gasar da ta haifar da littafin, na san abin da ake rubutawa a ƙarƙashin jigo da salo da zubi da tsari, domin duk suna cikin 'yan takardun da muke haddacewa in jarrabawa ta gabato. Amma matar nan da aka tambaye ni labarinta ban taɓa gamuwa da ita ba, saboda ban taɓa wuce shafi na biyar ba. Malam bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Zauna, ba kai kaɗai ba ne." Ajin ya yi tsit, hannuwan nan kuwa ɗaya bayan ɗaya suka koma ƙarƙashin tebur.

Da aka ba da dogon hutu sai na ƙudura aniyar wanke wannan kunya. Na haɗa littattafai tara, wasu na aro daga ɗakin karatu na sashe, wasu daga abokai, wasu kuma na saye su tun lokacin da aka kai mu Kano zaman koyon harshe da al'ada, suna nan jibge ban taɓa buɗe su ba. Daga cikin taran nan na gama biyar, huɗu kuma suna nan da 'yar takarda a tsakiyarsu. Ya kamata mai karatu ya san wanda ke yi masa bayani. Ni Bayarabe ne, na tashi kusa da unguwar Sabo ta Ibadan, Hausar da na zo jami'a da ita kuwa ta ciniki ce da gaisuwa, wadda na tsinta a wajen masu goro da masu tsire. Saboda haka kada a ɗauki wannan rubutu a matsayin sharhin masana. Ra'ayin ɗan koyo ne kurum, wanda ya kwanta a kan tabarma da littafi a hannu, in ya ji daɗi ya ci gaba, in ya gaji ya rufe.

Waɗanda Na Gama

Na fara da wanda ya kunyata ni. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar ne yana malamin makaranta a Bauchi, don shiga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Rupert East, tun kafin a san zai zama Firayim Ministan Nijeriya. Wannan duk na sani tun da. Abin da ban sani ba shi ne littafin ɗan ƙarami ne, Hausarsa kuma a miƙe take, ba ta da sarƙaƙiya, har ni ma na iya binta ba tare da na riƙa ruga wa ƙamus ba. Cikin kwana biyu na gama. A takardun da muka haddace an ce jigon littafin bauta ne, kuma ba ƙarya aka yi ba. To amma kalmar "bauta" a kan takardar jarrabawa daban take da ka bi uwa tana neman ɗanta da aka sace, ita ma a kama ta a sayar, a ƙetara hamada da ita, sai bayan shekaru masu yawa ta sa shi a ido, sannan rai ya yi halinsa ba da jimawa ba. Da na zo wurin nan sai da na ajiye littafin na fita tsakar gida na sha iska. Abu ɗaya da ya ɗan dame ni da farko shi ne yadda Shaihun ke ba da wannan mummunan labari cikin natsuwa, babu kuka babu zagi. Daga baya na lura natsuwar ce ta sa abin ya fi shiga raina, domin da ya yi ta kururuwa da wataƙila na gaji da shi.

Daga nan na ɗauki Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda shi ma yana cikin littattafai biyar na farko da aka buga bayan waccan gasa. Wannan a dare ɗaya na cinye shi. Labarin saurayi ne, Abubakar, da wani mai kuɗi ya ƙwace masa budurwarsa Zainabu, shi kuma ya shiga duniya neman asirin da zai rama. Ya riƙe ni ƙam, amma na gama shi da ɗaci a baki, dalili kuwa shi ne ramuwar ba a kan wanda ya yi laifin ta fara sauka ba, a kan ɗan da aka haifa ta sauka, wanda bai ji ba bai gani ba. Na yi kwana biyu ina gardama da kaina a kan ko adalci ne a tsara labari haka. Har yau ban yanke hukunci ba, sai dai na yarda littafin da zai sa mutum gardama da kansa bai ci kuɗinsa a banza ba.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa dariya na sha har ƙanwata ta leƙo ɗaki tana tambaya ko lafiya. Yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke haɗuwa gari bayan gari, wannan ya shirya wa wancan tarko, gobe wancan ya rama, ya tuna mini da tatsuniyoyin kunkuru da kakata ke yi mana da Yarabanci. Tafiyar neman ruwan maganin da shiga duniyar aljanu kuma ta tuna mini da Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale na D. O. Fagunwa, wanda aka buga a 1938, 'yan shekaru kaɗan bayan na Imam. Na yi mamakin yadda marubutan nan biyu, ɗaya a Arewa ɗaya a Yamma, kowa da harshensa, suka ɗauki hanya kusan iri ɗaya a zamani ɗaya, wato suka ɗebo daga tatsuniya da labaran matafiya suka zuba a takarda. Duk Bayaraben da ya karanta Fagunwa a sakandare ba zai ji baƙunta a Ruwan Bagaja ba.

Na huɗu shi ne Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa Animal Farm na George Orwell, wadda ta fito a 1975. A nan na yi wa kaina wayo, domin na riga na karanta na Turancin tun ina sakandare, saboda haka ko na gamu da kalmar da ban sani ba, labarin da ke kaina yakan haska mini ma'anarta. Abin da ya fi burge ni shi ne mai fassarar bai bar dabbobin da sunayensu na Ingila ba, ya raɗa musu na gida. Manomin ya zama Nomau, aladun nan biyu masu takarar mulki suka zama Maitumbi da Ɗantulu, dokin nan mai aiki ba ji ba gani ya zama Akawal. Da ka ji an ce Maitumbi ka san irin shugaban da za a yi. Ina ba duk wani ɗan koyo shawara ya nemi fassarar labarin da ya riga ya sani, tsani ne mai kyau na hawa.

Na biyar, wanda kuma ya fi kowanne zama a raina, shi ne Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Bari in tona wa kaina asiri. Da wata abokiyar karatunmu ta ara mini shi, sai da na naɗe bangonsa da tsohuwar jarida, don kada abokaina su ce na koma karanta littattafan mata. Ashe kaina na so in cuta. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ke ba ta kuɗin cefanen da bai taka kara ya karya ba, alhali yana kashe wa Delu dukiya a waje, daga baya ma ya auro ta ya kori uwargidan da 'ya'yanta. Rabi ta koma sayar da abinci tana riƙe da yaranta. A cikin littafin nan na koyi Hausar da ba a koya mana a aji, wato Hausar tsakar gida: habaici da gugar zana da baƙar magana, yadda ake yi wa miji magana a gaban mutane da yadda ake yi masa in an shiga ɗaki, da yadda dangi ke shiga tsakani in aure ya rikice. Kuma ban ga Rabi a matsayin baƙuwa ba, domin a danginmu ma akwai wadda ta ga irin wannan rana, sai dai ita da Yarabanci ta yi nata kukan. Ƙarshen labarin ya ba ni haushi ƙwarai, ganin bayan duniya ta juya wa Alhaji Abdu baya Rabin ce dai aka koma ana lallashi ta ɗauki wahalarsa. Amma da na huce sai na ga marubuciyar ba ta yi mana ƙarya ba, haka abin yakan ƙare a gidaje da yawa. Daga baya na sami labarin cewa Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga a 2012. Wato littafin da nake ɓoyewa a cikin jarida, mutanen wata nahiya sun biya kuɗi sun karanta shi.

Waɗanda Na Ajiye

Yanzu kuma ga inda gizo ke saƙa. Na farkon waɗanda suka gagare ni shi ne Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, yayan Abubakar Imam. Na shige shi da ƙarfina, domin an gaya mini labarin jarumi ne da ya yi yaƙi da Turawa lokacin da suka zo cin ƙasar Hausa, daga baya kuma ya faɗa duniyar aljanu. To amma tun a shafukan farko na san na taro aradu da ka. Ga kirari, ga sunayen kayan yaƙi irin su sulke da lifidi da kwalkwali, ga zantukan fada da na fagen fama waɗanda ban taɓa jin mai goro ya furta ba. Na ajiye ƙamusun Bargery na 1934 a dama, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 a hagu, ina duba nan ina duba can, har na yi sa'a guda cur a kan shafi ɗaya. Da na ɗago kai sai na ga na san ma'anar kalmomin ɗai-ɗai, amma na manta wa ke yaƙi da wa.

Rannan sai na ɗauki littafin na tafi Sabo wurin wani dattijo Bagobiri mai sayar da goro, wanda ya san ni tun ina yaro. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa, saboda haka yana hango ni ya fara tsiya. "Kai ɗan Yarabawa, me ya haɗa ka da littafin mazaje?" Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, taimako na zo nema, littafin nan ya fi ƙarfina." Ya ce in karanta masa ya ji. Ban yi layi huɗu ba ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ɗana, ai kai kana karanta kirari ne kamar mai karanta takardar asibiti. Wannan ba da ido ake cin sa ba, da murya ake yi." Sai ya sa na riƙa faɗar layi yana maimaitawa da irin muryar maroƙa, yana ja a inda ake ja, yana dira a inda ake dira. Wallahi sai ga maganar da ta kwanta mini kamar gawa ta miƙe tsaye, har masu wucewa suna tsayawa saurare. A ranar na gane cewa Ganɗoki ba shi da laifi, Hausata ce ba ta kai ba, kunnena kuma bai nuna ba. Na ajiye shi, amma ajiyar bashi ce, zan koma in biya.

Na biyu shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda aka buga a 1982. Wannan ba harshe ne ya hana ni ba, don ina fahimtarsa daidai gwargwado. Zuciyata ce ta ƙi. Labarin Mailoma ne da irin ta'asar da ya shiga yi da mutanensa bayan yaƙin basasar da aka gama a 1970, kisa a kan kisa, mugunta a kan mugunta. Marubucin gwani ne, ya iya sa mutum ya ga abu kamar a gabansa ake yi, kuma gwanintar tasa ce ta kore ni. A makon da nake karatun an yi rasuwa a gidanmu, ga kuma labaran masu garkuwa da mutane da ake ji a rediyo safe da yamma. Na kai wajen tsakiya sai na ji ba zan iya ƙara ɗaukar jini a kaina ba, na rufe. Ba zan ce littafin ba shi da kyau ba, ƙarya ke nan. Lokacin ne bai dace ba, kamar a kawo wa mai zazzaɓi tuwo da miyar taushe.

Na uku ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba zan faɗi marubucinsa ba, don ba tozarta kowa na fito yi ba. Littafin soyayya ne mai kashi uku, irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin kasuwa. Wannan kam laifin nasa ne. Da farko dai babu ƙugiya ko ɗaya a haruffansa, ba a bambanta "k" da "ƙ" ba, balle "d" da "ɗ". Bahaushen asali zai wuce abinsa, domin jimlar za ta gaya masa abin da ake nufi. Ni kuwa in na ga an rubuta "kasa", sai na tsaya na tambayi kaina, ƙasar da ake takawa ce, ko kasa ta gazawa, ko kasa macijiya, ko kasa tumatir a kasuwa? A rubutun Yarabanci ana ɗora alamar karin sauti a kan wasali, amma a daidaitacciyar Hausa ba a nuna karin sauti ba a nuna tsawon wasali, saboda haka 'yar ƙugiyar nan ita ce sandar da ta rage wa makaho, in an ɗauke ta an gama da mu. Ban da wannan, ba aya ba waƙafi, ba ka sanin inda maganar saurayi ta ƙare ta budurwa ta fara. Sannan aka ɗauki shafi shida ana lissafa kayan lefe da irin motocin da suka zo ɗaukar amarya, labarin kuwa yana tsaye wuri ɗaya kamar jakin da ya ga rami. Da na lallaɓa na kai ƙarshen kashi na ɗaya, sai aka yanke labarin a tsakiyar magana aka ce in nemi na biyu. Ban nema ba, kuma ban yi nadama ba.

Sai dai ina roƙon mai karatu kada ya ɗauki wannan a matsayin hukunci a kan dukkan littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano. Mun karanta a aji irin muhawarar da masana kamar Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka tafka a jaridu a shekarun 1990 a kan darajar waɗannan littattafai. Ni ban isa in raba wannan gardama ba. Abin da na gani da idona kawai shi ne, a tabarma ɗaya na ga ana sayar da wanda na jefar da kuma irin su Alhaki Kwikwiyo Ne. Kasuwa ai ta gaji haka, akwai zinariya akwai jabu, mai saye ne zai buɗe ido.

Na huɗu zai ba wasu mamaki, domin Magana Jari Ce ne, wanda aka buga cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939. Na karance na ɗaya tas, inda aku ke ta jan Musa ɗan Sarki da labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri. Amma na biyu da na uku tsinta-tsinta na yi musu, in buɗe in karanta labari ɗaya ko biyu in rufe. Da farko na lissafa shi cikin waɗanda suka gagare ni, daga baya na ga ban yi masa adalci ba, ban kuma yi wa kaina ba. Wannan ba irin littafin da ake shanyewa a zama ɗaya ba ne. Rumbu ne, kullum ka ɗebi na tuwon dare ka rufe, gobe ka dawo. Yana nan kusa da matashin kaina, kuma ina jin ko na tsufa ba zan ce na gama shi ba.

Ra'ayina

Abin da wannan hutu ya koya mini shi ne, ajiye littafi ba a gama ba ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ɗaga hannu a aji a kan littafin da ba ka karanta ba, kamar yadda na yi. Amma akwai sharaɗi, musamman gare mu masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Duk lokacin da ka rufe littafi, wajibi ne ka tsaya ka tambayi kanka, laifin wa? In Hausarka ce ba ta kai ba, kamar ni da Ganɗoki, to ka ci bashi, ka je ka ƙaro ƙarfi ka dawo. In lokaci ne bai dace ba, ka jira ranarsa. In kuwa littafin ne ya gaza, ka wuce abinka ba waiwaye, rayuwa ba ta da tsawon da za a ɓata a kan lissafin akwatunan lefe. Haɗarin da ke gabanmu shi ne mu riƙa cakuɗa waɗannan ukun. Sau da yawa nakan ji ɗan ajinmu ya ce littafi kaza ba shi da daɗi, alhali kuwa kalmomin ne suka fi ƙarfinsa, girman kai ya hana shi faɗa. Wani kuma akasin haka, a ba shi littafin da aka rubuta da gaggawa ba gyara, ya kasa fahimta, sai ya yanke ƙauna ya ce shi dai ba zai taɓa iya Hausa ba.

Na san wani zai ce ai mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa, ɗalibi kuma ba shi da ikon zaɓe. Na yarda da rabin maganar. Littafin da aka sa a manhaja dole ne a karanta shi har ƙarshe, ko da daɗi ko ba daɗi, kuma 'yan takardun haddar nan ba za su taɓa maye gurbinsa ba, ni shaida ne. Amma karatun dole kaɗai ba ya sa harshe ya zauna a baki. Sai an haɗa da karatun ganin dama, wanda ba maki a cikinsa, ba mai tsare ka da tambaya. Shi kuwa wannan karatu ba ya rayuwa sai da 'yancin rufewa. Wanda ya ɗaure kansa cewa ba zai taɓa sabon littafi ba sai ya gama wanda ya gundure shi, ƙarshenta ba zai gama wancan ba, ba zai fara wani ba, sai ya koma latsa waya.

Maganar kuma ta wuce ta cin jarrabawa. Tun a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta zo da burin kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan nan uku, Hausa da Igbo da Yarabanci, ban da nasa na gado. Da yawa daga cikinmu aji za mu koma, mu tsaya gaban yaran da ba su taɓa zuwa Arewa ba, mu ne Hausar da za su fara gani. Malamin da bai taɓa yin dariya shi kaɗai a ɗaki saboda Malam Zurƙe ba, da me zai jawo hankalin yaro? Abin da zai miƙa masa shi ne abin da shi ma ya karɓa, wato jerin sunaye da shekaru, a haddace a zubar ranar jarrabawa.

Ga 'yan dabarun da na ɗora wa kaina, wanda ya ga za su yi masa amfani ya ɗauka. Ina ba kowane littafi shafi 30 kafin in yanke masa hukunci. Ba na buɗe ƙamus fiye da sau uku a shafi ɗaya, sauran kalmomin ina ja musu layi da fensir in wuce, sau da yawa labarin da kansa yakan fassara su a gaba. Abin da ya ƙi shiga ta ido ina gwada shi da murya, in da hali a gaban wanda ya fi ni jin harshen. In na ajiye littafi ina rubuta dalili a 'yar takarda in saka a inda na tsaya. In kuma na ji dogon labari ya yi mini nauyi, sai in koma ga gajeru, irin waɗanda ake karantawa a gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, domin ana iya sauraren su, kunne ya taimaki ido.

Kammalawa

Daga ƙarshe ina da roƙo biyu. Na farko ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa, a samar da ɗan akwati a sashe inda kowa zai kawo littafin da ya gama ko wanda ya gagare shi, wani ya ara, domin abin da ya gundure ni wataƙila shi ne zai hana wani barci. Na biyu ga edita, a ware mana rabin shafi a kowace fitowa, inda ɗalibi zai faɗi littafin da ya karanta da wanda ya ajiye da dalilinsa, ba tare da tsoron a yi masa dariya ba. Wanda ya gama Ganɗoki ko Ƙarshen Alewa Ƙasa kuma yana ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya rubuto ya gyara mini, ni ɗan koyo ne.

Malam kuma, in wannan rubutu ya iso gare ka, Allah Ya gafarta malam, yanzu na san abin da ya fitar da mahaifiyar Umar daga gida, na kuma san yadda ta ƙare. A sake tambayata. Amma don Allah kada a tambaye ni Ganɗoki tukuna, sai na ƙara komawa wurin Baba mai goro.